Daga Zaure zuwa Tsakar Gida: Kukan Matan Aure a Littattafanmu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na adabi. Gaisuwa ga mutanen cikin birnin Zazzau, na Kwarbai da Kaura, na Limancin Kona da Anguwan Juma. Gaisuwa ga na bayan ganuwa, Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru, har Wusasa. Iyayenmu mata da ke ɗinkin hula ko aikin riga, rediyo na gefen tabarma, sannunku da aiki. A ɗan ƙara murya, don shirin yau naku ne.

Yau maganar aure za mu yi, da maganar haihuwa. Amma ba wa'azi zan yi ba, wannan fagen malamai ne. Littattafai za mu buɗe. Irin waɗanda ake kira ƙagaggun labarai. Wato labarin da marubuci ya ƙirƙira da kansa. Mutanen ciki ba su taɓa rayuwa ba, amma in ka karanta sai ka rantse ka san gidansu. Tambayarmu guda ce. Yaya waɗannan littattafai suka nuna macen da ta shiga aure da buri, ta tarar da abin da ba shi aka faɗa mata ba?

Kowa ya san daren kai amarya. An jera kayan ɗaki. An yi turaren wuta. Gwaggo ta zaunar da yarinya, ta ce, "'Yar nan, aure ibada ne. Yi na yi, bari na bari. Duk abin da kika gani, ki yi haƙuri." Yarinya na kuka a cikin mayafi. Ƙawaye na tsokana. Can dare ya yi, kowa ya watse. A tatsuniya, nan labari yake ƙarewa. Littattafan da za mu duba yau kuwa, daga nan suke farawa. Wasu ma sai bayan shekara goma, ɗaki ya cika da yara, kwanukan jere sun dusashe.

Ga yadda tafiyar za ta kasance. Za mu fara daga nan gida Zariya. Mu leƙa Giwa. Mu daɗe a Kano. Sannan mu tsallaka Dakar da Ikko, mu dawo.

To, bismillah. Zariya tukuna.

Wasunku ƙila ba su sani ba, ƙagaggen labarin Hausa na boko a garin nan aka yanke masa cibiya. A shekarar 1933, wani Bature jami'in ilimi, Dokta Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a nan Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri littattafai biyar suka fito. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ganɗoki na Bello Kagara. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da shi East ɗin. Duka biyar maza ne suka rubuta. Ku riƙe wannan. Duka biyar maza ne.

Mu ɗauki Jiki Magayi, tunda shi ne ya taɓa aure kai tsaye. Wanda ya yi makaranta a da, ya san shi. Abubakar saurayi ne, yana son Zainab, ita ma tana son sa. Sai ga Malam Shehu, attajiri, mai dukiya amma ba ɗa. Ya sa rai cewa in ya auri Zainab zai samu haihuwa. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure. Abubakar ya yi rantsuwar ramuwa. Ya shiga duniya neman asiri, ya sha wuya, ya samo. Zainab ta haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Kyauta. Asiri ya kama yaro, ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidan. Ƙarshe dai, a wajen sata, Kyauta ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne.

Labari ne mai ratsa jiki. Amma masu sauraro, ina Zainab? Ku duba abin da ya same ta. Ta rabu da wanda ta fara so. An aure ta ne don cikinta, don a samu magaji. Ɗan da ta goya ya zama abin nuni a gari. Mijinta ya mutu a hannun wannan ɗan. Duk wannan a kan mace ɗaya. Amma littafin Abubakar ya bi zuwa daji. Kyauta ya bi zuwa yawon sata. Ita kuwa Zainab, abin da ke ranta in dare ya yi, kaɗan aka ba mu. Maza biyu ne ke faɗa, ita da ɗanta su ne filin dagar.

Ba laifi nake ɗora wa marubutan ba. Kun san gidajenmu na cikin birni. Baƙo namiji a zaure yake tsayawa. Yana iya jin sautin daka. Yana iya jin kukan jariri. Amma bai ga tsakar gida ba. To haka marubutanmu na farko suke. Daga zaure suka yi rubutu. Abin da suka jiyo, sun faɗa da gaskiya. Abin da ba su gani ba, ba su gani ba.

Shi ma Shaihu Umar haka ne, ko da yake uwar da ke cikinsa ta fi Zainab motsi. Labarin ma ya ratso ƙasar Zazzau, akwai Maƙarfi a ciki, akwai Fatika. An yi wa mijinta Makau sharri a fada, aka kore shi. Aka sace mata ɗanta Umar yana ƙarami. Ta fita nemansa ita kaɗai, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka tsallaka hamada da ita. Bayan shekaru, ta sadu da ɗan nata ya girma, ya zama malami. Ba ta daɗe ba ta rasu. Wannan uwa ce da ake yi wa kuka, ake yi wa addu'a. Uwa ce da ba ta gajiya, ba ta ƙorafi, ba ta taɓa tambayar kanta ko ita ma mutum ce. Irin uwar da ɗa namiji ke tunawa ke nan. Ita uwar, da ita ta riƙe alƙalamin, Allah kaɗai ya san abin da za ta ƙara.

Yanzu mu leƙa Giwa, nan kusa, kan hanyar Funtuwa.

Wannan ba ƙagaggen labari ba ne, rayuwa ce ta gaske. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa. Mijin Baturiyar, M. G. Smith, yana binciken tarihi da zaman jama'ar Zazzau. Shi namiji ne, zaure ne iyakarsa. Matarsa ce ta shiga ciki. Tsohuwar sunanta Baba, mutuniyar Karo. An haife ta wajen 1877, tun kafin zuwan Turawa. Ta ba da labarin rayuwarta da Hausa, Mary na rubutawa. Littafin ya fito da Turanci a 1954, da sunan Baba of Karo. Ita Baba ba ta gan shi ba, ta rasu a 1951.

Me Baba ta faɗa? Aure huɗu ta yi. Na farko auren zumunci ne, da ɗan'uwanta Duma. Don iyaye ta yi shi, ba don zuciyarta ba. Ta zauna iya zaman da za ta iya, ta fita. Kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa haihuwa ba. 'Ya'yan dangi ta riƙa, ta yi musu aure, suka zama nata.

Abin da ke ba ni mamaki a labarin Baba shi ne yadda take faɗar waɗannan abubuwa ba kuka, ba ɓoye-ɓoye. Ta ba da labarin mata da yawa da suka yi yaji, aka yi biko, wasu suka dawo, wasu suka tafi gaban alƙali. To masu cewa matan da can ba su san fita daga gidan miji ba, sai matan zamani da boko ya lalata, ga tsohuwa da aka haifa kafin boko ya iso ƙasar nan. Ku nemi labarinta. Rashin jin daɗin aure ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Rubuta shi a takarda ne sabo.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, filin adabi ne, muna duba yadda littattafai suka nuna kukan matan aure. Mun ga maza sun rubuta daga zaure. Mun ji tsohuwa ta yi magana, wata ta rubuta mata. Yanzu ga inda mata suka ɗauki alƙalami da hannunsu.

Nan ma Zariya ce ta buɗe ƙofa. Kamfanin ɗab'i na NNPC, ba na man fetur ba, na littattafai, wanda aka kafa a garin nan a 1966, ya shirya gasa. Cikin littattafan da suka yi nasara, aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980. Shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Ku lissafa da kanku. Daga 1933 zuwa 1980. Shekara 47 kafin a ji muryar mace. Labarin Boɗaɗo ne, Bafulatana, da ta kafe sai ta auri Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba, dangi na so ko ba sa so. Littafin soyayya ne, ba na nadama ba. Amma ya kawo sabon abu, yarinya ta buɗe baki ta ce ga wanda take so.

Wadda ta shigar da mu har ƙuryar ɗaki kuwa, ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, a Kano. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammad. Amma kada wannan ya sa ku zaci a kan gata ta tashi ta fuskar karatu. An cire ta daga makaranta, aka yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba. Auren bai yi ƙarko ba. Daga baya ta koma neman ilimi a ajin manya. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, labarin mai auri-saki. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da kuma Wa Zai Auri Jahila?

Mu zauna sosai a kan Alhaki Kuykuyo Ne. In littafi ɗaya za ku karanta cikin duk waɗanda zan ambata yau, to shi nake ba ku shawara.

Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano. 'Ya'yansu tara. Alhaji ba matalauci ba ne. Ku ji da kyau, ba matalauci ba ne. Amma abin da yake bari na cefane ba ya kai ko'ina. Kansa yake yi wa hidima a waje. Rabi ce ke ƙulle-ƙullen yadda za a ci, yadda yara za su je makaranta. Ana cikin haka ya ɗauko Delu, mace mai zaman kanta, ya aura. Rikici ya tashi tsakanin uwargida da amarya. Alhaji ya goyi bayan amarya. Ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta.

Mu tsaya nan. Me ya karya zuciyar Rabi? Da yawa za su ce kishiya. Ni ban yarda ba. Tun kafin Delu ta taka gidan, auren ya riga ya rube. Abin da ya cinye shi, rashin riƙo ne. Rashin ci da sha ne, da rashin ganin mutunci. Kishiya ta zo ne ta tarar da gini ya tsage.

Kuma wannan ba sai an je Kano ba. Da safe maigida ya saka riga mai guga, ya ajiye 'yan canji a bakin gado, ya ce ga na cefane. Kuɗin ko manja da daddawa ba za su saya ba. Ya fita. A teburin mai shayi a soya masa ƙwai. Da rana a kawo masa balangu a rumfa. Ita kuwa ta ɗauko hular da take ɗinki, ta aiki yaro ya karɓo rabin kuɗin aiki, a sayo gari. Dare ya yi ya dawo, ya buɗe kwano, ya ce miyar nan ba nama? Uwargida da ke saurare na, na san kin yi murmushi. Ba murmushin daɗi ba ne. Alhaji da ke saurare a rumfa, kai ma na san ka gyara zama. Yi haƙuri, ba da kai nake ba, da maƙwabcinka nake.

Mu koma ga Rabi. Ba ta zauna tana kuka ba. Ta kama sana'ar sayar da abinci. Ta riƙe yaranta, ta ci gaba da biyan karatunsu. 'Yarta Saudatu, mai hankali da tarbiyya, ta auri wani mai hali, Alhaji Abubakar. Rayuwa ta fara yi wa Rabi sauƙi. A karon farko, abin da ta samu nata ne, ba mai yi mata gori. Shi kuwa Alhaji Abdu, gobara ta cinye masa rumfa a kasuwa. Dukiya ta tafi. Delu ta nuna masa halinta. Ya wayi gari ba kuɗi, ba mata, ba mutunci.

Sai me ya faru? Sai aka taru a kan Rabi. Aka ce ta yi haƙuri ta koma. Uban 'ya'yanta ne. Ta dubi yara. Ta dubi zumunci. Rabi ba ta so. Amma manya suka matsa, ta koma.

Masu karatu sun daɗe suna gardama a kan wannan ƙarshe. Wasu na cewa daidai ne, mai haƙuri ya ci riba, mugu ya ga sakayya, gida ya haɗu. Wasu na cewa marubuciyar ta ja da baya, ta ji tsoron jama'a. Ni ga yadda na gani. Hajiya Balaraba ba ta ce wannan shi ne adalci ba. Ta nuna mana yadda ake yi ne. Lokacin da aka kori Rabi da yara tara, taron da aka yi a kan Alhaji bai hana shi ba. Lokacin da Alhaji ya tsiyace, taron da aka yi a kan Rabi ya mayar da ita. Haƙuri iri ɗaya ake ambata, amma mutum ɗaya ake kai wa kuɗin biya. A wurina, wannan komawa ta Rabi ta fi sakin da aka yi mata ciwo. Kuma da gangan marubuciyar ta bar mu da ciwon.

Littafin ya yi tafiya mai nisa. Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani mai suna Blaft a birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Yanzu a Indiya ma an san Rabi.

To, mu sha iska kaɗan a waje. Shin matan Hausa ne kaɗai ke wannan kuka? A'a.

A nan Arewa, Zaynab Alkali, 'yar jihar Borno, ta rubuta The Stillborn da Turanci a 1984. 'Yan mata uku ne a ƙauye, kowacce da mafarkinta. Li ta auri Habu, ya tafi birni ya bar ta tana jira shekara da shekaru. Faku ta auri Garba, ta je birni ta tarar da wata matar a gidan. Awa ta auri shugaban makarantar ƙauye, giya ta cinye shi, ita kuma haihuwa ta cinye ta. Da yawanku kun karanta shi a sakandare, ba sai na ja ba.

A Senegal, ƙasar Musulmi kamar tamu, Mariama Ba ta fitar da wani ɗan littafi da Faransanci a 1979. Sunansa in an mayar Hausa, Doguwar Wasiƙa. Ya ci kyautar littattafai mai suna Noma a 1980. Malamar makaranta ce, Ramatulaye, a Dakar, take rubuta wa aminiyarta Aisatu wasiƙa tana cikin takaba. Wata huɗu da kwana goma, tana zaune a ɗaki, tana tuna baya. Shekara 25 da aure, 'ya'ya 12, mijinta Modu ya auri ƙawar 'yarsu. Bai ma faɗa mata da bakinsa ba. Sai bayan an ɗaura, liman da yayansa da abokinsa suka zo suka sanar da ita. Daga nan ya tattara ya koma wajen amarya, bai sake ta ba, bai kuma riƙe ta ba. Aisatu, da irin haka ta same ta, ta kwashe 'ya'yanta ta yi gaba. Ramatulaye ta zauna. Littafin bai ce wance ta yi daidai, wance ta yi kuskure ba. Abin da nake so ku lura da shi, Ramatulaye mai salla ce, mai tasbihi. Ba addini take tuhuma ba. Wanda ya ɗauki rabin hukunci ya bar rabi take tuhuma. Ya ɗauki izinin ƙarin aure, ya ajiye sharaɗin adalci.

Yanzu maganar haihuwa. Don a nan ne magana ta fi nauyi, kuma a nan ne muka fi yin shiru.

Mace in aure ya yi mata zafi, me take cewa? "Don yaran nan nake zaune." Kun sha ji. Wataƙila kun sha faɗa. Wato an daina sa rai da miji, an mayar da rai kan 'ya'ya. Su ne za su share hawaye in sun girma. To akwai marubuciyar da ta ɗauki wannan buri ta bi shi har ƙarshensa. Buchi Emecheta ce, 'yar ƙabilar Ibo, a littafinta na 1979, The Joys of Motherhood, wato Daɗin Zama Uwa. Sunan gatse ne. Gatse shi ne a faɗi abu ana nufin kishiyarsa.

Nnu Ego, a aurenta na farko ba ta haihu ba, aka wulaƙanta ta, aka mayar da ita gida. Aka sake aurar da ita a Ikko, ga Nnaife, mai yi wa Bature wanki. Ta haifi ɗa namiji, ta ce yanzu ta zama mace. Jaririn ya mutu, har ta nufi gada za ta faɗa ruwa, aka riƙe ta. Daga baya haihuwa ta buɗe. Ta yi tallan itace da sigari da ashana. Ta hana cikinta, ta hana jikinta sutura, don 'ya'yanta maza su yi karatu. Ko ƙawa ba ta da lokacin yi. Suka yi karatun. Babban ya tafi Amurka, na biye ya tafi Kanada. Wasiƙa ma ta gagara. Ta koma ƙauye, ta tsufa kafin lokacinta, ta mutu a bakin hanya ita kaɗai. Sannan 'ya'yan suka zo suka yi mata gagarumar jana'iza, irin wadda garin ya daɗe bai gani ba.

Na san wani zai ce, ai wannan can ne, mu nan ɗa ba ya yar da uwa. Alhamdu lillahi, da yawa ba sa yarwa. Amma ku zaga cikin birnin nan. Akwai tsohuwa a ɗakin ƙasa, damina na yi mata yoyo, ɗanta na Abuja ko Kaduna, sai da salla ake ganin motarsa a ƙofar gida. Ranar da ta cika kuwa, za a kafa rumfa, a yanka sa, manya su zo gaisuwa. Emecheta ba ta ce kada a haihu ba. Ita kanta uwar 'ya'ya biyar ce, kuma ita kaɗai ta raine su a Landan. Abin da ta tambaya shi ne, macen da aka ce ba ta da daraja sai ta haihu, in ta haihu ta ba da komai, me ya rage nata?

A al'adarmu ma abin ya fi wuyar faɗa. Uwa tana kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kira. Wadda aka hore ta da ɓoye son ɗanta, ina za ta iya bayyana gajiyarta da shi? Mai jego ta yi kwana arba'in tana wanka, ana dama mata kunun kanwa, ana yi mata barka. In ta ce ranta ba daɗi, sai a ce butulci, wasu na nema ba su samu ba. Sai ta yi shiru. Littafi ne ke faɗa a madadinta.

Saura magana ɗaya kafin lokaci ya cim mana. Ita ce ta masu cewa waɗannan littattafai ne ke ɓata 'yan mata.

Zargin tsoho ne, kuma ba mu muka fara shi ba. A Faransa, a 1857, an gurfanar da marubuci Gustave Flaubert gaban kotu saboda littafinsa Madame Bovary, aka ce ya ɓata tarbiyya. Kotu ta sallame shi. Abin dariya, ita Emma ta cikin littafin, karatun labaran soyayya ne ya cika mata kai. Ta auri likitan ƙauye, ta ga ba haka ta karanta ba. Ta shiga bin maza da cin bashi, ta yi watsi da 'yarta, ƙarshe ta sha guba. A nan gida kuma, a 2007, an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan makaranta.

Shin zargin ba shi da tushe ko kaɗan? Yana da shi. A cikin abin da wasu masana suka kira adabin kasuwar Kano, akwai littattafan da ba komai ciki sai motoci da gidajen bene da saurayin da bai taɓa yin fushi ba. Yarinyar da ta ɗauki wannan a matsayin aure, za ta sha mamaki. Amma kada a haɗa Emma da Rabi. Emma abin da babu shi take nema. Rabi abinci take nema, da kuɗin makarantar yara, da a yi mata magana kamar mutum. Abin da Rabi ke nema, yana nan a rubuce cikin Risala da ake karantawa a zaurukan malaman birnin nan. Ciyarwa, tufatarwa, wurin zama, da adalci tsakanin mata. Tun kafin a haifi kakannin waɗannan marubuta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna ta aikin gida. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, mata na koyar da mata har ƙauyuka.

A kan wannan turba Wa Zai Auri Jahila? ya hau. Abu yarinya ce a ƙauye, mai son karatu. Mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta Ahmadu, wanda aka yi musu alkawari, ya je birni ya yi boko, ya dawo ya ce ba zai auri jahila ba. Uban da ya hana ta karatu, shi ne ya ji kunya ta kama shi. Don ya huce, ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da a shekaru ya isa ya haife ta, har ya yi jika da ita. Abin da ya faru a ɗakin nan, marubuciyar ba ta sakaya ba, kuma da yawa sun ji haushin hakan. Abu ta gudu Kano wajen gwaggonta. Ta koma aji. Ta yi ta karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Waɗanda suka guje ta, suka dawo suna neman ta. Wannan karon ba a taru an yanke mata hukunci ba. Ita ta zaɓi wanda za ta aura.

Jama'a, agogo ya nuna lokacinmu ya ƙare. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu je Funtuwa, mu buɗe Allura Cikin Ruwa na Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed, wadda ta bi wata hanyar daban da ta Hajiya Balaraba. Wanda ke da littafin a gida, ya kakkaɓe shi kafin ranar. A huta lafiya.